EJAN, BUƊE MANA LITTAFI MU GANI

Rubutun wannan makon a kan ejan-ejan ɗin Hajji da Umara ne. Mun san a cikinmu akwai masu wannan sana'a, akwai 'ya'yansu da surukansu. A yi mana haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk wanda ya tashi a Gezawa ya san yadda kuɗin Makka ke taruwa. Dattijo zai yi shekara goma yana kiwo, ya kaɗa shanunsa kasuwa, ya haɗa da kuɗin gyaɗa da na gero. In ba su isa ba, ya yanki gefen gonar gado ya sayar wa masu yanka filaye da suka biyo titi tun daga Jogana. Sai ya ƙulle kuɗin ya danƙa wa wani ɗan gari da aka ce "yana da hanya". Shi ɗan garin ba shi da lasisi, yaron wani ne a birni. Na birnin yana raɓe ne da wani kamfani mai lasisi, kamfanin kuma yana jiran abokin hulɗarsa a Saudiyya. Hannu huɗu ke nan tsakanin dattijo da bizarsa. Abin da ya riƙe kuwa, 'yar takarda ce da aka yago daga littafin rasit, da magana guda da zai yi wata uku yana ji: "Baba, ana kan aiki."

A da akwai uzuri. In kana son labari sai ka biya kuɗin mota daga Babawa ko Tumbau zuwa Yankaba, ka sake hawa Adaidaita zuwa ofis, ka tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabci ya ce oga ya yi tafiya. Yanzu waya ta shiga kowane gida, kuma kusan kowane ejan ya buɗe wa maniyyatansa guruf a WhatsApp. Mun yi murna, mun ce an zo wajen. Ashe kwaɗon nan ne ya biyo mu cikin waya. Za a buɗe guruf, a kulle shi yadda admin kaɗai ke iya magana. Abin da ake turowa: hoton Ka'aba, gaisuwar Juma'a, da lambar asusun banki. Ranar da aka buɗe na awa ɗaya, wani ya tambayi ranar tashi, kafin la'asar an cire shi, an ce yana ta da hankalin jama'a. Alƙawarin da aka rubuta ranar Litinin, Laraba ka duba ka ga an goge saƙon.

Abin takaicin shi ne kayan aikin da za su kashe wannan rigimar suna nan, akasarinsu kyauta. Ɗauki Google Sheets. Jadawali ne da ke zaune a intanet, mutum biyu ko goma su riƙa kallonsa lokaci guda daga wurare daban-daban. Ejan ya rubuta, maniyyaci ya gani amma ba zai iya taɓawa ba, kuma duk gyaran da aka yi manhajar tana ajiye ranarsa da sunan wanda ya yi shi. Me zai hana kowane maniyyaci ya samu nasa shafin? A rubuta nawa ya biya da ranar da ya biya, nawa ya saura, fasfonsa yana hannun wa yau, wace irin biza aka nema masa, wane jirgi, wane masauki a Makka, wane a Madina. Bizar Saudiyya yanzu ta lantarki ce, ana iya tura wa mai ita a waya cikin minti ɗaya, ɗansa ya duba sahihancinta da lambar fasfo a shafin hukumomin ƙasar. Tikitin jirgi yana da wata lamba mai haruffa da alƙaluma shida, wadda in ka shigar a shafin kamfanin jirgin za ka ga ko da gaske an kama maka kujera. Tun 2022 Saudiyya ta fito da manhajar Nusuk, ejan-ejan ɗinmu kullum a gaban kwamfuta suke saboda ita. Wanda ya iya wannan, kada ya ce mana cike layi bakwai a jadawali ya fi ƙarfinsa.

Kada wani ya ɗauka maganar kuɗin cefane muke yi. Kujerar Hajji ta gwamnati a 2023 ta kusa naira miliyan 3. A 2024 an fara da miliyan 4.9, sai a watan Maris Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta nemi cikon miliyan 1.9. A 2025 ta haura miliyan 8. Cikin kujeru 95,000 da aka ba Najeriya a 2023, guda 20,000 kamfanonin jirgin yawo aka ware wa. Mai sayar da buhun taki ma yana rubuta maka rasit mai hatimi, amma a karɓi miliyoyi a ce ka yi shiru ka yi ta addu'a?

Kuma abin ya wuce kuɗi. A watan Nuwamba na 2023 wani jirgi ya tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano ya sauka a Jidda da fasinjoji 264, aka soke musu biza a nan take. Daga baya aka bar 87 suka shiga, aka juyo da 177 gida, hukumomin Saudiyya suka ce irin bizar da ke hannunsu ba ta dace da su ba. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi, ministan lafiyar Saudiyya ya ce kashi 83 cikin 100 ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi, ba su da motar hukuma. Masar ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 a kan haka. A 2025 tarar wanda aka kama yana Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, ga hanin shiga ƙasar na shekara 10. Gwaggonmu da ba ta karanta boko, ta yaya za ta bambance bizar ziyara da ta Hajji in ba a faɗa mata ba? Layi ɗaya a jadawali, "irin biza", zai iya tsare ranta.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce dala ce ke tashi, Saudiyya ce ke sauya doka dare ɗaya, kamfanin jirgi ne ke ɗage tashi. Duk gaskiya ne, kuma mun san ejan-ejan na kirki da suka ci bashi don kada maniyyacinsu ya tozarta. To ai su ne za su fi kowa cin riba. In sanarwar ƙarin kuɗi ta zo daga sama, ɗora ta mu gani da ranarta, babu mai ce maka ɓarawo. Gani ya kori ji. Wanda ke tsoron a buɗe littafi, mai kaza a aljihu ne.

Za a ce mutanen ƙauye ba su iya karatu ba. Saƙon murya fa? Minti biyu da Hausa duk Juma'a: ga inda aka kwana, ga abin da ake jira. Kuma babu gidan da za a rasa ɗa ko jika mai babbar waya, ko a Ketawa ko a Mesar Tudu. A sa shi a matsayin wakili tun ranar biyan kuɗi. Za a ce sirrin kasuwa ne. Ba ribarka muka tambaya ba, Alhaji, labarin kuɗinmu da fasfonmu muke nema.

Sai dai a kula, buɗe littafi ba tallar sirrin mutane ba ne. Mun sha ganin ejan ya zuba hoton fasfon mata da lambar NIN ɗinsu a guruf mai mutum ɗari biyu, wai kowa ya duba nasa. Wannan ganganci ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Sanarwa ta kowa a guruf, lissafin mutum da takardunsa a shafinsa shi kaɗai.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da laifi. Kunya ta hana mu tambayar ɗan gari saboda surukin wane ne, ko don tare muke sahu ɗaya a masallaci. In tafiya ta rushe sai mu ce kira ne bai zo ba, mu rufe maganar, shi kuwa ya sake buɗe sabon guruf baɗi. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Neman a rubuta ba rashin yarda ba ne, balle rashin tawakkali.

Muna kira ga ƙungiyar masu kamfanonin Hajji da Umara, AHUON, ta sa wannan ya zama sharaɗi ga 'ya'yanta, NAHCON kuma ta duba shi kafin ta sabunta wa kowa lasisi. Kafin su motsa, aikin namu ne, mu da iyayenmu suka biya wa kuɗin makaranta. Duk wanda babansa ko gwaggonsa za ta biya kuɗin tafiya bana, ya raka ta. Ya tambayi sunan kamfanin da ke da lasisin, ba sunan yaron kamfani ba. A biya ta asusun kamfanin, a ajiye shaidar banki. A rubuta irin bizar da ranar mayar da kuɗi in tafiya ba ta yiwu ba. Duk alƙawarin da aka turo a waya a ɗauki hotonsa kafin a goge. In ejan ya ce wannan bin diddigin ya yi yawa, ku tashi da kuɗinku, akwai wani ofishin a gaba.

Ejan-ejan ɗin da ke cikinmu, ga fili ga mai doki. Wanda ya shirya buɗe littafinsa ya faɗa, akwai matasa a nan da za su tsara masa jadawalin kyauta. Allah Ya kai iyayenmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.