Darajar Karen Farauta Tana Ga Dawowarsa

Idan aka ambaci Dubai a Kano ko a Maraɗi, abin da yake fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne kasuwa: zinariya da turare da yadudduka da wayoyin hannu, waɗanda fatake suke sarowa. Amma a bayan dogayen benayen birnin akwai hamada, kuma a hamadar akwai wata tsohuwar sana'a wadda ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, wato farauta da kare. Larabawan wannan yanki suna da wani irin kare da suke kira saluki. Dogo ne siriri, mai shafaffen ciki da dogayen ƙafafu, kuma gudunsa yakan wuce kilomita 60 a sa'a guda. Da ido yake farauta, ba da hanci ba. Da zarar ya hango zomo ko barewa a guje, sai ya dafa mata baya.

Kafin zuwan arzikin man fetur, makiyayan hamada sun dogara da saluki da shaho wajen samun nama. Saboda haka suka ba wannan kare matsayin da ba su ba sauran karnuka ba: a tanti yake kwana, kuma daga abincin gidan ake ɗibar masa. Da zamani ya canja, motoci da bindigogi suka shiga hamada, sai namun daji suka yi ƙaranci. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda aka kafa a 1971, ta kafa dokokin taƙaita farauta, ciki har da dokar kiyaye muhalli ta 1999. Don kada saluki ya ɓace tare da sana'arsa, aka buɗe cibiyar kula da shi a Abu Dhabi a 2001. A Dubai kuwa, cibiyar raya al'adun gargajiya mai ɗauke da sunan Yarima Hamdan bin Mohammed takan shirya gasar tseren saluki da sanyin hunturu a Al Marmoom, inda ake tseren raƙuma. Akan rataya mutum-mutumin barewa a jikin mota, motar ta zabura, karnuka su bi ta, masu karnukan kuma su bi ta gefe a motocinsu suna ihu.

Wannan ƙoƙari abin yabo ne, domin ya sa matasan da suka tashi a birni sun san karen kakanninsu. Sai dai akwai abin dubawa. Tsere yana auna abu ɗaya ne kawai, wato sauri. Sauri kuwa halitta ce, da shi aka haifi saluki, ba wanda ya koya masa. Abin da mafarauci yake koya wa kare, wanda kuma shi ne yake nuna gwanintar mai horo, shi ne ya dawo idan aka kira shi. Karen da ya iya tafiya amma bai iya dawowa ba, kansa yake yi wa farauta, ba maigidansa ba.

Malaman da suka gabata sun fahimci haka sarai. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, don haka ya zama dole malaman fiƙihu su fayyace abin da ake nufi da horo. Ibn Rushd, malamin Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1198, ya kawo alamu uku a littafinsa Bidayatul Mujtahid: kare ya amsa idan an kira shi, ya tafi idan an cuna shi, ya kuma dakata idan an tsawata masa. Biyu daga cikin ukun nan sun shafi kame kai ne, ɗaya kaɗai ya shafi kai hari, kuma babu inda aka sa sauri cikin lissafi. Mazhabar Malikiyya, wadda Ibn Rushd ya tashi a cikinta, ita ce ta galibin Hausawa, ita ce kuma ta gidan sarautar Dubai. Ke nan wannan ma'auni gadon ɓangarorin biyu ne.

A Dubai ta yau, bukatar wannan horo ƙaruwa ta yi. Da farko dai akwai zafi. Da bazara yakan haura digiri 40, kare kuwa ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Salukin da ya bi zomo ya ɓace a bayan tudun rairayi, ƙishirwa za ta iya kashe shi kafin a gano inda ya nufa. Na biyu, akwai namun da doka ta tsare. A 2018 aka ayyana gandun dajin Al Marmoom, wanda ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin masarautar, kuma a cikinsa akwai bareyi da maririn Larabawa, dabbar da ta ƙare ƙaf a daji a 1972 kafin a sake yaɗa irinta. Kare ba ya karanta allon gargaɗi, muryar maigidansa ita ce iyakar da ya sani. Na uku, dokar tarayya ta 2016 ta wajabta yi wa kare rajista da riƙe shi da igiya a wuraren jama'a. Igiya takan tsinke, ƙofa takan zauna a buɗe, kuma a irin wannan rana kira kaɗai ne yake tsakanin kare da babban titi.

A ƙasar Hausa ma haka zancen yake, ko da yake dajin ya bambanta. Bayan an kawar da amfanin gona, mafarauta sukan fita ƙungiya-ƙungiya da ganguna da gorori da karnuka masu yawa, suna neman zomo da gada da gafiya. Karen da ba ya jin kira yakan faɗa garken makiyayi ko awakin ƙauye, kuma akuya guda da aka yaga ta isa ta haddasa rigima tsakanin mutanen da suka daɗe suna zaman lafiya. Haka kuma karen da yake yawo yadda ya ga dama shi ne ya fi haɗuwa da mahaukacin kare, ya kwaso cutar ya kawo gida.

To, yaya ake koya wa kare dawowa? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun yana ɗan kwikwiyo ake farawa, a cikin gida, inda babu abin da zai ɗauke masa hankali. Akan zaɓi kira guda ɗaya, ko sunansa ko wani fito na musamman, a riƙa yin sa daidai lokacin ba shi abinci, har ya gane cewa wannan sauti alheri yake kawowa. Daga nan sai a fita da shi fili da doguwar igiya, a bar shi ya yi nisa kaɗan, a kira, idan ya zo a ba shi ɗan nama a shafa kansa. Sannu a hankali ake ƙara nisa, ake kuma kai shi inda akwai kaji da awaki da sauran karnuka. Ba a kwance igiya sai ya saba amsawa a duk waɗannan wurare. Gwanayen horo sukan kira kare, su ba shi lada, su sake shi ya koma wasansa, don kada ya ɗauka cewa duk ranar da aka kira shi daɗinsa ya ƙare ke nan.

Akwai masu ganin cewa sanda ce take sa kare ladabi. A nan ne mafarauta da yawa suke ɓata aikinsu da hannunsu. Kare yana danganta hukunci da abin da ya yi na ƙarshe. Idan ya ɓace na tsawon sa'a, ya dawo, aka tare shi da duka, darasin da ya ɗauka shi ne dawowa ita ce laifi. Gobe zai tsaya daga nesa yana kaɗa wutsiya, ya ƙi matsowa. Komai haushin da mafarauci yake ji, wajibi ne karen da ya dawo ya tarar da sakin fuska.

Wasu kuma sukan ce saluki ba ya horuwa, domin idan ya ɗora ido a kan zomo, ko tsawa ba ya ji. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana. Karen da yake tsakiyar gudu da wuya ya juyo, kuma mai yawan ƙwala kira a wannan lokaci koya masa yake yi cewa kiran ba shi da muhimmanci. Amma farauta ba gudu ba ce daga farko har ƙarshe. Akwai lokacin da kare ya hango nama bai tashi ba tukuna, akwai kuma lokacin da gudun ya ƙare, ko ya kama ko ya rasa. A waɗannan gaɓoɓi biyu ne horo yake aiki, kuma su ne suke raba karen da zai kwana a gida da wanda zai kwana a daji.

Masu hannu da shuni a yau sukan ɗaura wa karnukansu na'urar bin sawu a wuya, wadda take nuna inda kare yake ta hanyar tauraron ɗan Adam. Na'urar tana da amfani, ba shakka. Sai dai iyakarta ta faɗi inda kare yake, ba za ta juyo da shi ba. Kafin mota ta isa wurin, mai yiwuwa ya riga ya tsallaka titi ko ya kayar da barewar da doka ta hana taɓawa.

Saboda haka, zai yi kyau masu shirya gasar saluki su ware wani rukuni na gwajin amsa kira, da kyauta daidai da ta tsere, yadda za a saki kare a fili, a nuna masa abin sha'awa, a ga wanda zai bar shi ya komo wurin maigidansa. Abin da ake ba kyauta a kansa shi matasa za su dage su koya. Shugabannin mafarauta a ƙasar Hausa su ma suna da ikon hana fita da karen da bai nuna yana jin kira ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: karen da ba a koya masa dawowa a tsakar gida ba, ba a tsakiyar daji zai koya ba.