Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Haɗa Manhajojin Girka Linux

Ya ku masu girma,

Ina da kuka.

Ni mai gyaran kwamfuta ne a Maraɗi, inda yawancin madannanmu AZERTY ne irin na Faransa. Na girka wa wata malama Linux, na kulle faifanta da LUKS, ita ta zaɓi kalmar sirri. Da kwamfutar ta sake tashi sai ta ƙi karɓar kalmar. Ashe wurin tambayar kalmar sirrin ya koma tsarin madannan Amurka: A ta zama Q, Z ta zama W, lambobi ma sun rikice. Wanda ya sa ƙ ko ɗ a kalmarsa kuwa, babu madannin da zai fito da su. LUKS ba ta da ƙofar baya. In kalma ta ɓace, aikin shekaru ya salwanta.

Ku kuka ba mu kwaɗon, haƙƙinku ne makullinsa ya buɗe. Ina roƙonku tsarin madannan da aka zaɓa wajen girkawa ya bi mutum har farkon tashi, a rubuta sunansa kusa da wurin tambayar. Ku kuma bar mutum ya ga abin da ya buga kafin a kulle.

Naku da girmamawa,
Mai gyaran kwamfuta, Maraɗi