Sa'a Nawa Ne Daga Bauchi Zuwa Jidda?

Duk shekara, da zarar an fara jigilar alhazai, gardama ɗaya ce ke tashi a rumfunan Kasuwar Wunti: shin sa'a nawa jirgin sama yake yi kafin ya sauka Jidda? Wannan ya rantse huɗu da rabi ne. Wancan, wanda ya sauke farali bara, ya ce shi da idonsa ya duba agogo, shida da rabi cif. Abin mamaki, ba mai ƙarya a cikinsu.

Tsakanin Bauchi da Jidda, in an miƙe sak, akwai kimanin kilomita 3,400, watau mil 2,100 ke nan. Manyan jiragen yanzu suna cin wajen kilomita 850 a sa'a guda, saboda haka in an haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan kama sa'a huɗu da rabi zuwa biyar. Amma agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da sa'a biyu. Maniyyacin da ya tashi daga filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ƙarfe 12 na rana zai taras ƙarfe 6 da rabi ta yi a Jidda, ana shirin Magariba, alhali iyalinsa a Wunti ba su daɗe da idar da La'asar ba. A dawowa kuwa sai a mayar masa da sa'o'insa biyu.

Wannan lissafi duk ya dogara ne ga abu guda, watau a sami ratsawa ta samaniyar Chadi da Sudan. Hanyar da kakanni suka bi ke nan da ƙafa da jakuna, daga Maiduguri zuwa Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, sa'an nan El Fasher da Khartum, har gaɓar Bahar Maliya inda ake shiga jirgin ruwa a Suwakin. Wasu sun yi shekaru a hanya suna ƙwadago don neman guzuri, da yawa ma a Sudan suka zauna har abada. Jirgi bai canja hanyar ba, ya dai bi ta bisanta.

An ga haka ƙarara a shekarar 2023. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu aka rufe samaniyar ƙasar, tilas jiragen alhazai suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin dala 250 kan kowane maniyyaci. Ga talakan da ya sayar da shanunsa ko amfanin gonarsa ya biya kujera, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, gashi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba a rikicin janar-janar biyu na Khartum.

Ya kamata malaman bita su riƙa faɗa wa maniyyata hanyar da za a bi da bambancin agogo tun suna sansani, musamman tsofaffi masu shan magani kan lokaci.