Kafin a Biya Kuɗin Tsohuwar Waya, a Duba Makullinta

Mai sayen tsohuwar waya a kasuwa irin Farm Centre ta Kano yakan duba gilashi da batir da kyamara, ya gwada lasifika, sannan ya ƙirga kuɗi. Da wuya ya tambayi abin da ya fi waɗannan muhimmanci: shin butlodar wayar a kulle take ko a buɗe?

Butloda ita ce 'yar manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna waya. Idan tana kulle, takan tantance sa hannun dijital da kamfanin da ya ƙera wayar ya yi a kan babbar manhajar, kuma ba ta tayar da wadda aka yi wa kutse. Idan an buɗe ta, duk abin da aka ɗora za ta tayar, ko da an cusa masa abin satar lambar sirri.

Ganewa ba wuya. A tsarin Android, wayar da aka buɗe takan nuna gargaɗi na 'yan daƙiƙu yayin kunnawa. A ƙa'idar Google, ruwan lemo na nufin an buɗe, ruwan ɗorawa na nufin tana kulle amma da sa hannun da ba na kamfani ba, ja kuwa na nufin tantancewar ta gaza. Don haka a kashe wayar gaba ɗaya, a sake kunna ta a gaban mai sayarwa. Sai a shiga saiti, a taɓa “Build number” sau 7, a buɗe sashen masu ƙirƙirar manhaja, a ga halin da “OEM unlocking” yake ciki. A wayoyin Samsung akwai ƙarin shaida: alamar Knox takan sauya daga 0x0 zuwa 0x1 da zarar an ɗora manhajar da ba ta kamfani ba, kuma ba ta komawa, ko an sake kulle wayar. Daga nan Secure Folder ya daina aiki ke nan.

Masu buɗe waya suna da hujjarsu. Wanda ya saya da kuɗinsa yana da ikon ɗora manhajar da yake so, musamman idan kamfani ya daina aiko da sabuntawa alhali wayar na da sauran ƙarfi. Wannan gaskiya ce. Amma shi ya san abin da ya ɗora, ya kuma yarda da haɗarin. Wanda ya saya a hannunsa bai san komai ba. Wataƙila sai ya isa gida manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa, domin wasu manhajojin kuɗi suna tambayar Google lafiyar waya ta hanyar Play Integrity. Mafi muni kuwa, ta buɗe, ya shigar da lambar sirrinsa a wayar da ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinta.

Yau waya ita ce asusun mutum da shagonsa, buɗaɗɗiyar butloda kuwa aibi ce a kayan sayarwa, kuma ɓoye aibi ha'inci ne a shari'a da al'adar kasuwa. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya su wajabta wa membobinsu bayyana ta, kamar yadda ake faɗin an canza gilashi. Kafin a kai ga haka, minti biyu na dubawa sun fi wa mai saye arha a kan asarar abin da ke asusunsa.