Zakkar Amfanin Gonar Da Aka Shayar Da Injin Hasken Rana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ma'aikacin gwamnati mai gonar rani ya aiko mini da tambaya. Ya ce tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin man injin ban-ruwa ya nemi cinye masa riba, sai ya sayi faifan sola da famfon da ke aiki da su. Yanzu rana ce ke ɗago masa ruwa, ba ya sayen mai ko kwalba ɗaya. Shin zakkar shinkafarsa ta koma ushuri ke nan, kamar ta noman damina? A ganinsa in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

To, ya 'yan'uwa, asalin hukuncin yana cikin hadisin Abdullahi ɗan Umar wanda Imam Buhari ya ruwaito. Ma'anarsa ita ce, abin da ruwan sama ko na idon ruwa ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, abin da aka shayar da wahalar ɗebo ruwa kuwa, ɗaya bisa ashirin. Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya rataya wannan rangwame a kan shayarwa da na'ura, watau duk abin da ake ɗago ruwa da shi, ko jigo ne ko guga ko inji.

Saboda haka famfon sola na'ura ne. Hasken rana kyauta ne daga Allah, amma faifan da famfon da bututun da haƙar rijiyar duk da dukiya aka same su, kuma suna bukatar gyara da tsaro da share ƙura, musamman lokacin hunturu. Kuɗin man shekaru ne mutum ya biya a dunƙule. Don haka abin da ke kansa rabin ushuri ne: wanda ya sami buhu 40 zai fitar da buhu 2. Sharaɗi shi ne amfanin ya kai nisabi, watau wusƙi 5, daidai da sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200.

Amma a lura da wani bambanci. Wanda ruwa ke gangaro masa da kansa ta magudana, kamar yadda ruwan madatsar Tiga ke isa gonakin Kadawa, ushuri cikakke ne a kansa a mazhabar Imam Malik, ko da yana biyan kuɗin ruwan. Wanda kuma shukarsa ta sha rabi da inji rabi da ruwan sama, kowane rabi da hukuncinsa. Tumatir da albasa da attaruhu babu zakka a kansu a wurin Malikiyya, sai a kuɗinsu in sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo, ko da yake Imam Abu Hanifa ya wajabta ta a kansu.

Sai wata nasiha. Da, tsadar mai ita ke sa manomi ya kashe inji da zarar fangali ya ƙoshi. Yanzu wasu sukan bar famfo yana zuba tun hantsi har la'asar don ba sa biyan ko kwabo. Ruwan da ke ƙarƙashin fadama na kowa ne. In ka zuƙe shi rijiyar maƙwabcinka ce za ta fara ƙafewa, taki ya wanke, saiwa ta ruɓe. Malamai sun karhanta ɓarnar ruwa ko a wajen alwala a bakin kogi, balle a nan. A sayi famfo daidai girman gona, a toshe bututun da ke yoyo, a kashe in shuka ta sha.

Ku kuma fatake masu sayar da kayan nan, ku faɗa wa manomi ainihin ƙarfin faifan. Sayar da tsoho da sunan sabo algus ne, kuma asarar noman ranin talaka tana wuyanku.

Allah ne Masani. Allah Ya sa mu dace, amin.