Daga Ikko Zuwa Beri: Ina Rundunar Tsaron Farar Hula?

Ba kowa ne cikin 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba ya san cewa rundunar nan ta tsaron farar hula, watau Sibil Difens, a birnin Ikko aka haife ta ba. A watan Mayu na 1967, sa'ad da ƙasa ta doshi yaƙin basasa, aka kafa wani kwamiti don koya wa mutanen gari yadda za su tsira in an kawo harin bom. Daga bisani, a 2003, Shugaba Obasanjo ya sa hannu a dokar da ta mai da ita cikakkiyar hukuma, a 2007 kuma aka ba ta iznin riƙe makami.

To, yau haɗarin ya bar Ikko, ya koma ƙauyuka irin su Beri, da ke kan hanyar Kontagora zuwa Tegina a Jihar Neja. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a makarantar sakandare ta Kagara. A ƙarshen Mayu suka shiga Tegina, suka tafi da yaran Islamiyya fiye da ɗari, waɗanda suka yi kusan wata uku a daji. Mutumin Beri ba ya bukatar a ba shi labari, gama hanyarsu ɗaya.

Abin mamaki kuwa, Kontagora gari ne na soja, har da cibiyar horas da mayaƙa. Amma soja ba ya kwana a kowane ƙauye, 'yan sanda kuma ba su da yawa. Kafin taimako ya iso, masu babura sun shige daji. Wanda ya rage a bakin gari shi ne ɗan banga da bindigarsa ta harba-ka-ruga.

Wannan giɓi shi ne ainihin aikin tsaron farar hula. Gaskiya ne hukumar tana da sashen kare manoma, a 2023 kuma an buɗe cibiyar tsaron makarantu a hedkwatarta ta Abuja. Sai dai an ɗora mata gadin bututun mai da ba kamfanonin masu gadi lasisi, ƙarfinta kuwa ya fi yawa a birane.

Ga kuma tsofaffin sojoji, masu horo da sanin makami, da yawansu suna gadin gidajen attajirai a Kudu, garuruwansu ba mai tsaro. Abin da ya kamata shi ne a rubuta sunayensu gunduma gunduma, a sa su ƙarƙashin wannan hukuma, a biya su, su horas da 'yan banga. Tilas ne a yi haka bisa doka, domin an ga yadda ɗaukar fansar 'yan sa-kai ta ƙara rura wutar rikici a Zamfara.

Maganar ta shafi mazauna Kudu kai tsaye. Su ake bugo wa waya in ana haɗa kuɗin fansa, su ne kuma ke sayen masara da wake da tsada in manomi ya kasa zuwa gona. Ya rage ga sarakunan Hausawa na Ikko da Sabon Ibadan su haɗa baki, su tambayi wakilansu a Majalisa: jami'an Sibil Difens nawa ke kwana tsakanin Kontagora da Tegina?