'Yan Kyanwa a Cikin Kwali

A unguwanninmu kyanwa tana da daraja muddin ɓera na ɓarna a rumbu ko kanti. Ranar da ta haihu a bayan buhunan gawayi, sai a zuba 'ya'yan a kwali, ko ido ba su buɗe ba, a ba yaro ya kai bola. In baƙa ce kuwa, shari'a ta ƙare, mayya ce. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma ba ya rage yawansu, domin cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. A Turkiyya, dokar kula da dabbobi ta 2004 ta ɗora wa hukumomin birane su kama na kan titi, a yi musu rigakafi da aikin hana haihuwa, a mayar da su inda aka ɗauko su. A Istanbul mage na sharar barci a kan kujerar mai shayi, ba mai cewa kanzil. Wanda ya tsinci jinjirin kyanwa ya fara duba ko uwar na kusa, don sai ya yi sati takwas ake raba su. In ba ta nan, ɗumi yake fara buƙata. Madarar shanu kuwa gudawa take sa shi, gara a tuntuɓi likitan dabbobi.